Tocilar da Na Kai wa Surukina

Ni malamin gona ne, wato an ɗauke ni aiki in riƙa bin ƙauyuka a kan babur ina gaya wa manoma abin da suka sani tun kafin a haife ni. Aikin ya dace da ni, don Allah ya yi ni da son bayani. Idan ka tambaye ni hanyar tasha, sai na haɗa maka da tarihin tashar. Matata ta ce ko gaisuwa zan amsa sai na kawo dalili. Mutum ɗaya ne a duniya bakina ke mutuwa a gabansa, shi ne mahaifinta.

Dogon tsoho ne, manomi mai 'yan awaki, yana zaune a wani ƙauye ta wajen Rawayau a ƙasar Kurfi, mu kuma muna Dutsin-Ma. Matata ce 'yarsa ta fari, shi kuwa mutumin da ne, kunyar 'yar fari bai rage mata komai ba. Ba ya kama sunanta, ba ya zama inda take, idan zai tambayi lafiyarta sai ya ce ya mutanen gida. Da na aure ta sai na gaji kunyar gaba ɗaya, har da ƙari. Idan muka je, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa a bakin zaure, shi kuma ya kau da kai gefe yana amsawa, ni ina kallon ƙasa shi yana kallon bango. A shimfiɗa mini sabuwar tabarma, a kawo fura a kwanon baƙi, shi kuma ya tashi ya bar mini zauren don in sha a sake. Malam yake ce mini. Shekaru suka yi ta tafiya, muka haifi 'ya'ya, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma ina nan a Malam ɗina, a kan sabuwar tabarma.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɗayan surukin, mijin ƙanwar matata. Shi ɗan ƙanen tsohon ne, a gidan ya tashi, auren gida aka yi musu. Wannan bawan Allah ba ya rabuwa da faɗa. Ya ɗaure akuya kusa da rumbu, faɗa. Ya manta fartanya a gona, faɗa. A aike shi Kurfi ya dawo, a ce abin da ya sawo ba shi aka ce ba, a kira shi shashasha, jim kaɗan kuma ka ji su suna dariya a kan kwano ɗaya. Ni kuwa ina zaure ina jiyo su ta katanga. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, faɗan uba ban san shi ba sai a gidajen mutane. Babu abin da nake so irin wata rana tsohon nan ya aike ni, ko ya dube ni ya ce na yi wauta. Da na gaya wa matata haka, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ni kaɗai ta taɓa gani mai neman a zage shi ido rufe.

To, tunda ba a aike ni, sai na riƙa aiken kaina. Na zuba ido in ga abin da tsohon ya rasa, don in kawo masa ya san yana da ɗa a Dutsin-Ma. Idona ya faɗa kan tocilarsa. Wata 'yar ƙaramar ja ce ta roba, gindinta ya tsage an naɗe shi da tsinken robar taya, haskenta kuma ba ya wuce taku kaɗan daga ƙafar mai riƙe da ita. Da ita yake tafiya masallaci da asuba, da ita yake zagaya garken awaki bayan magariba. Na tuna kunamun damina da macizan bakin gona, na ce wannan ai abin kunya ne a ce surukin ma'aikacin gwamnati na yawo da wannan.

Na shiga kasuwar Dutsin-Ma na yi wa masu kayan lantarki wuni guda. Masu caji na ƙi su, don na yi wa kaina dogon bayani cewa ƙauyen babu wuta, kada in ɗora wa tsoho zaryar kai caji. Na zaɓi wata baƙa ta ƙarfe mai cin ƙananan batura, mai nauyi a hannu, da ƙwai guda ɗaya tak a tsakiyar gilashinta. Da mai shagon ya kunna ta a cikin rumfa da rana tsaka, sai da na runtse ido. Abin da ya ƙara sace mini zuciya shi ne wani ɗan ɗigon haske kore a jikin madanninta, wanda ba ya mutuwa ko tana kashe, wai don ka gane inda ka ajiye ta a cikin duhu. Na ce lallai masu ƙera wannan sun san darajar tsofaffi. Na sayi biyu, ɗaya tasa ɗaya tawa, tawa na jefa ta a durowa tunda mu fitilar waya ta ishe mu.

Ba a miƙa wa irin wannan suruki kyauta hannu da hannu. Na ba matata, ta ba Inna, wato mahaifiyarta, Inna ta kai masa. Godiya ma ta wannan hanyar ta biyo ta dawo: an gani, Allah ya yi albarka. Zuwanmu na gaba, rana na gab da faɗuwa ina shirin tayar da babur, sai ga tsohon ya fito daga turakarsa da baƙar tocila a hannu. Ya kunna ta ya ɗaga, hasken ya bugi saman darbejiyar ƙofar gida har zabin da suka hau kwana suka ɗauki kuka. Bai dube ni ba, da iska ya yi magana.

"Cocilar Malam na nan, tana aiki."

Ranar ban san yadda na iso gida ba don daɗi. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk zuwan da za mu yi, kafin mu tashi sai an fito da tocilar Malam an haska darbejiya, zabi sun yi kuka, an ce tana nan tana aiki. Ba a aike ni ba tukuna, ba a yi mini faɗa ba, amma na ce a raina hanya ta buɗe. A ofis kuwa na ishi mutane. Duk wanda ya yi kuskuren ambaton suruki, sai ya sha labarin yadda ake zaɓa wa dattijo tocila.

Damina ta wuce, wata ta zagayo, ina cikin wannan alfahari. Sai wata rana ina gyara sarƙar babur a bayan taga, na ji matata tana waya da Inna, ta sassauta murya.

"Inna, a sawo na cocilar nan tun da wuri, ran Juma'a muna tahe."

Na shigo da baƙin mai a hannu na tambaye ta mene ne na cocilar da za a sawo. Ta ce ba komai. Na ce na ji da kunnena. Ta yi ta kewaye-kewaye, ni kuma na zauna na fara kawo mata dalilai ɗaya bayan ɗaya da suka sa bai kamata mace ta ɓoye wa mijinta zancen tocila ba, har ta gaji ta ce in yi shiru za ta faɗa, amma sai na rantse maganar ba za ta koma ƙauye ba. Na rantse.

Ashe tun makon farko tocilar ta zame wa tsohon kaya. Ya zuba mata batura daga kasuwar Kurfi, ta yi 'yan kwanaki tana walƙiya, rannan yana tsakiyar hanyar masallaci ta ɗauke ɗif, babu sallama. Ya sake zuba wasu, ta sake cinyewa. Ga kanta na yin zafi har ba ta sakuwa a aljihu. Maƙwabta kuma suka fara roƙonsa ya rage haska sama, don a shekarun nan babu mai son a hango ƙauyensu daga nesa bayan duhu ya yi. Sai ya koma wa 'yar jarsa, ya kulle wadda na ba shi a akwati ya ce a bar ta sai Malam zai zo. Nan ma ba ta bar shi ya huta ba. A ajiye ta da sabbin batura, babu mai taɓa ta, ranar da aka ɗauko a tarar ta mutu. Don haka duk lokacin da za mu je, matata ke yi wa Inna waya, Inna ta aika kasuwa, a ciyar da tocila, a haska mini darbejiya in ji daɗi in tafi. Tsohon bai san matata ta sani ba, Inna ce ta gaya mata a ɓoye. Ni kuma yanzu na sani, kuma an rantsar da ni ban sani ba.

Wato duk wannan lokaci, ziyarata wata hidima ce da ake yi wa tanadi kamar zuwan mai duba makaranta. Na kai wa mutum kyauta don ya ɗauke ni ɗa, shi kuma ya karɓe ta ya ƙara mini girman baƙo. Wani mai hankali da ya bar maganar a nan. Ni sai na buɗe durowa na ɗauko tawa, na tarar ita ma ta mutu, alhali ban taɓa kunna ta ba tun ranar da na saya.

Akwai wani ɗan ɗaki a gidanmu da muke ajiye buhunan masara, ba shi da taga, ko da azahar duhu ne. Nan na mayar wurin bincike. Na tattaro duk tocilar da ke gidan da ta maƙwabta: baƙar tawa, abokiyar tagwaicin ta surukina, da 'yar robar da matata ke shiga kicin da ita wadda kusan irin jar tsohon ce, da wata mai faɗin kai cike da ƙananan ƙwayaye da na aro a gidan da ke kallon namu. Na zuba musu batura iri ɗaya, na jera su a kan buhu suna kallon bango, na kunna su gaba ɗaya kamar masu tsere, na zauna a kan bokiti ina kallo. Matata ta leƙo ta ga babban mutum zaune cikin duhu yana gadin fitilu, ta ja ƙofar a hankali ta tafi. Daga baya na ji tana gaya wa maƙwabciya cewa aiki ne aka ba ni daga ofis.

Kwanaki na yi a haka, duk na dawo aiki in shige. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba, amma ya shiga kaina. Baƙar tawa tana fara wuta da ƙarfi, ta riƙe ƙarfin nan ba ragi, kanta na ɗaukar zafi, sannan ta mutu farat ɗaya. 'Yar robar kicin kuwa tun farko ba ta yi alkawarin komai ba. Haskenta na raguwa kaɗan-kaɗan yadda batir ke raguwa, yau ka ga buhu, gobe ka ga inuwar buhu, amma ba ta mutuwa farat ɗaya, kuma tun da sauran lokaci take sanar da kai cewa ta fara gajiya. Mai yawan ƙwayayen nan da nake zaton ita ce sarkin ci, ashe tsaka-tsaki ce, don kowane ƙwai ɗan kaɗan yake ja. Yawan ƙwai ba shi ne magana ba, yawan wutar da ake tura masa ne. Idan aka matsa wa ƙwai ya ba da iyakar ƙarfinsa, wani kaso na abin da ya ci ba haske yake zama ba, zafi yake zama, shi ne wanda ke ƙona aljihun surukina.

Na kwance kan baƙar na tarar da wani ɗan faranti kore mai ƙananan abubuwa manne a jiki. Shi ne ke tsaye a kan batir yana matsa masa ya ba da wuta daidai wa daida, ko ya gaji ko bai gaji ba, har sai ya ga ba za ta yiwu ba ya yanke. Baturan da ta ce sun mutu, da na zuba su a ta kicin sai ga haske, suka ƙara kwanaki suna aiki. Na kuma gane baturan ma ba ɗaya ba ne. Marasa nauyin nan da ake samu a kasuwannin ƙauye kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: ka ja da ƙaramin guga ta wuni tana ba ka, ka zura babban guga ka taɓo laka nan da nan, ka bar ta ta huta ruwa ya sake taruwa. Su rediyo da ƙaramar tocila suka dace da su. Baƙar tawa babban guga ce, sai masu nauyin nan masu tsada ke iya mata. Ɗan ɗigon koren da na yi ta yabo kuwa, shi da farantin da ke jiran a taɓa madanni, su ne ke tsotsar batir dare da rana a cikin akwati. Maganinsa bai wuce a ɗan sassauta murfin gindinta ba, koren ya mutu, cin ya tsaya.

Babban abin kuwa da atishawa na gano shi. Ƙurar masara ta shige mini hanci ina riƙe da tocilar, babban yatsana a kan madanni, na yi ta atishawa ban saki ba. Da na buɗe ido sai na ga hasken ya ragu. Na sake dannawa na riƙe, ya ƙara raguwa, ya koma ɗan daidai irin na ganin hanya da ƙafar akuya. Ashe hawa-hawa gare ta, kullum dai a na sama take farawa. Na bar ta a na ƙasan, na yi ta jira ta mutu har na gaji. Ta binne ta kicin, ta binne ta maƙwabta, tana nan da sanyinta. Kyautata ba ta da laifi. Mai ba da ita ne bai san ta ba, ya kuma yi shekara yana koya wa mutane yadda ake zaɓen tocila.

Na fito daga ɗakin masara da ilimi fal ciki, irin wanda da manomi ne a gabana sai ya nemi hanyar gudu. Amma wanda ilimin zai amfana shi ne mutum ɗaya da ba zan iya gaya wa ba. In na ce, Baba, ga yadda ake rage ta, na nuna na san tana ba shi wahala, na tona Inna, na tona matata, na kuma kunyata dattijon da ya yi ta ɓoye mini don kada in ji kunya. In na sayo wata, na ce ta farkon ba ta da kyau, alhali shi da bakinsa ya ce tana nan tana aiki. Suruki ba ya ƙaryata suruki.

Na fara bi ta hanyar da kyautar ta bi. Na koya wa matata danna-ka-riƙe da sassauta murfi, ta koya wa Inna a waya. Inna ta ce ita ba ruwanta, in ta je masa da wannan zai tambaye ta a ina ta koyi gyaran tocila da tsufanta. Saƙo ya mutu a nan.

Sai na sayi batura masu nauyi na sa a cikin tsaraba, tsakanin sabulu da goro, kamar ba da niyya ba. Aka yi godiya. Tsohon ya ga kaya masu kyau daga hannun Malam, ya ce ai waɗannan ba su dace da komai ba sai tocilar Malam. Ya zuba mata su a ranar, ya kulle a akwati. Aiki ya riƙe ni na jima ban koma ba, ɗan koren ya zauna a kansu cikin natsuwa yana tsotsa. Inna ta gaya wa matata cewa wannan karon tsohon ya daɗe yana juya tocilar a hannu, ya ce ko ni ba na ci ina barci.

Dabara ta ƙarshe ita ce na fi alfahari da ita kafin in gwada. Na tafi da tawa, na samu ɗayan surukin a gindin katangar zaure, daidai inda na san tsohon na zaune ta ciki yana gyaran igiya. Na ɗaga murya kamar ina taron manoma, na fara yi masa bayanin tocila tun daga rijiya da guga. Na danna na riƙe, na sassauta murfi, na maimaita kowane abu yadda ko kurma zai ɗauka. Da na gama na saci kallon zauren, babu kowa. Tun jimlata ta farko tsohon ya ji muryar surukinsa, ya ga bai dace ya zauna yana sauraren hirata ba, ya kwashi igiyarsa ya koma bayan gida. Ɗayan surukin kuwa ya saurara tsaf har ƙarshe, ya yaba, ya ce tunda na ce ba na amfani da ita, ko zan bar masa. Haka na dawo Dutsin-Ma ba tocila. Abin da ya rage mini shi ne batura masu nauyi da na riƙa yawo da su a jakar aiki, ban san ranar da nake jira ba.

Ranar ta zo ne cikin daminar da ta biyo baya, lokacin da tsutsa ta faɗa wa masara aka tura mu zagaye. Aiki ya kai ni gonakin wajen Rawayau ba tare da na shirya ba, ko matata ba ta san can na nufa ba, balle ta yi waya. Ba yadda za a yi in wuce ƙauyen ban gaisa ba. Ina durƙusawa a bakin zaure hadarin da ke bina tun la'asar ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tsohon ya ce in shigo. Aka rasa mai kawo sabuwar tabarma, na zauna a gefen tasa. Ɗayan surukin ya tafi Kurfi ruwa ya tare shi. Tsohon ya duba ƙofar cikin gida inda ya saba zamewa ya bar ni, ya ga tsakar gida ta zama tafki. Muka zauna mu biyu, ni ina nazarin saƙar tabarma, shi yana nazarin ruwa. A nan muka yi magariba, shi a gaba ni a baya.

Da muka sallame duhu ya shigo. Na ji ya tashi ya shiga turakarsa da ke manne da zauren, na ji ƙarar murfin akwati. Na so in ce a bar ta, amma da wane dalili? Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya saita ta wajen darbejiya kamar kullum, ya danna. Babu komai. Ya sake dannawa. Ya buga ta a tafin hannu. Ko ɗan koren babu. Na ji tausayinsa, na ji tausayin kaina, na kuma ji wata dariya na taso mini da na san in ta fito na gama yawo.

Sai wata akuya ta fasa kuka daga garke, sauran suka amsa. Tsohon ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar jar nan mai ɗaurin roba, a gabana, ya kunna. Ɗan haskenta ya faɗa a kan ƙafafunmu. Ya juyo, karo na farko tun da na auri 'yarsa ya dube ni a ido, ya miƙo mini baƙar.

"Malam, abin ga naka ci gare shi. Ko a kashe yake, ci yake."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Na sani, Baba."

"Ka sani?"

"Tun bara."

Ya ce to mi ya hana ni faɗi. Sai na yi abin da na iya. Na buɗe jaka na zaro baturan da na daɗe ina dako, na zuba, na danna na riƙe har hasken ya sauko ya yi laushi. Na nuna masa murfin gindi. Ya matso yana kallo, ya ce in sake, na sake. Da na ga dattijo na saurarena, sai tsohon ciwona ya motsa. Na gyara zama, na ce wato Baba, shi batir kamar rijiya ne mai ƙaramin ido, idan mutum ya zo da babban guga.

"Kai Malam, awaki na cikin ruwa kana ba ni labarin rijiya? Tashi ka haska mani."

Na miƙe har ina tuntuɓe da jaka. Muka ratsa tsakar gida ruwa na dukanmu, takalmana na can bakin zaure inda na cire su don ladabi. Rufin garken ya yaye ta gefe guda, ruwa ya kwanta, awaki sun cure a lungu, wata mai tsohon ciki igiyarta ta naɗe a turke. Tsohon ya duƙa yana kwancewa. Ni kuma garin gyara riƙo na kashe tocilar, na sake kunnawa, ta dawo da cikakken ƙarfinta daidai lokacin da ya ɗago kai. Na zuba masa ita duka a fuska.

"Ba idona ba, ƙasa! Kai wane irin mutum ne, ashe ko riƙon cocila ba ka iya ba?"

Na sauke hasken ƙasa. Ina tsaye babu takalmi, kashin awaki da laka har idon sawu, ruwa na bi ta wuyan rigata, bakina ya ƙi rufuwa. Allah ya taimake ni hasken na kallon ƙasa, bai ga haƙorana ba. Ya miƙo mini igiya ya ce in ja akuyar zuwa rumfar dawa, ya ƙara da cewa in bi a hankali kada in kayar masa da ita, don bai ga alamar na taɓa riƙe dabba ba. A ƙauyen na kwana, tunda yanzu ba a bin hanyar nan bayan duhu. Tuwon dare a kwano ɗaya aka kawo mana, bai tashi ba, ya ma ce ina ci kamar mai jin tsoron tuwon.

Da safe na iso Dutsin-Ma da busasshiyar laka a wando. Matata na tsakar gida tana tankaɗe. Ko sallama ban gama ba na ce mata Baba ya yi mini faɗa. Na tsaya ina jiran dariyar nan tata ta riƙe ciki.

Ba ta yi ba. Ta ajiye rariyar, ta goge hannu a zane, ta daɗe tana kallon garin da ke cikin kwano. Sai a lokacin na tuna cewa ni shekarun aure kawai na yi a kan sabuwar tabarma, ita tun ranar da aka haife ta take kai. Bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya ce ta yi wauta.

Ta ce, "Mi ya ce maka? Faɗa mani yadda ya faɗa."

Na zauna a kan turmi na faɗa mata, da muryarsa, tun daga awaki na cikin ruwa har zuwa riƙon cocila. Ta ce in sake. Na sake, na ƙara da rijiya da guga da duk abin da ya biyo baya, ban rage komai ba, ita kuma ba ta ce na cika bayani ba.